Na Je Neman Tannenberg

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kano, kuma duk shekara idan mun zo kan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai na rubuta "Tannenberg, 1914" a allo, yara su kwafa. Sunan fafatawar da Jamus ta murƙushe rundunar Rasha ke nan a farkon yaƙin. Da ƙanena da ke karatu a Warso, babban birnin Polan, ya aiko mini da takardar gayyata, abin da na fara tambayarsa shi ne nisan da ke tsakaninsa da wannan wuri. Ya ce bai taɓa jin sunan ba. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce, "Yaya, ai babu gari mai wannan suna yanzu. Stębark ake ce masa, kuma ƙauye ne."

Biza ta cinye mini kusan wata biyu. Na bar Kano da asuba a motar haya zuwa Abuja, na yi ta ƙirga shingayen jami'an tsaro har muka wuce Zariya, daga nan lissafi ya ɓace mini. A jakata akwai kuka da daddawa da yaji da Gwaggo ta ƙulle wa ɗanta. Kilishin da ta saya kuwa dole aka bar shi a gida, don ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama. Muka yada zango a Santambul, muka sauka Warso da rana. Jami'ar shige da fice ta yi mini tambaya uku: ina zan sauka, yaushe zan koma, me ya kawo ni. Ta buga hatimi. Daga wannan tagar har na bar ƙasar babu wanda ya sake tsayar da ni a hanya.

Na huta kwana uku, sannan a makon ƙarshe na Agusta muka hau jirgin ƙasa zuwa Olsztyn, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku. Tikitin kowannenmu bai kai zuloti 70 ba, wato kuɗin Polan. Da muka wuce Mława sai na matsa jikin taga, domin tsakanin nan da Działdowo ne iyakar daular Rasha da daular Jamus ta ratsa a 1914. A wancan lokacin babu ƙasar Polan a taswira. Rasha da Jamus da Ostiriya sun raba ta sun cinye. Na zuba ido ko zan ga wata alama. Gonakin da aka girbe ne kawai, da dunƙulen ciyawa a naɗe, da shanu baƙi da fari. Jirgin ko rage gudu bai yi ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki ƙasar wurin ce. Ni a zatona ƙasar Turai duk baƙar laka ce mai danshi. Sai ga rairayi fari tas a gindin itatuwa, irin wanda mota ke kafewa a cikinsa a hanyar ƙauyukan Jigawa. A cikin wannan rairayin ne sojojin Janar Aleksandar Samsonov na Rasha suka yi kwana da kwanaki suna tafiya a ƙafa cikin zafin Agusta, dawakai na jan manyan bindigogi suna nutsewa, burodi bai iso ba, hatsin dawakai bai iso ba. Layin dogon Rasha ma ya fi na Jamus faɗi, saboda haka jiragensu ba sa iya wuce iyaka da kaya. Faransa ce ta matsa wa Rasha lamba ta kai hari da wuri don a rage mata nauyin Jamusawa da suka nufo Faris. Sai Rasha ta turo runduna biyu cikin lardin Prusiya ta Gabas tun shiri bai kammala ba: ta ɗaya ƙarƙashin Rennenkampf daga gabas, ta biyu ƙarƙashin Samsonov daga kudu, ga tafkunan Masuriya sun raba tsakaninsu. Na sha faɗa wa ɗalibaina haka. Amma sai da na ga rairayin da idona na ji tausayin mutanen.

A Olsztyn muka kama ɗaki mai gado biyu a wani ƙaramin masauki kusa da tsohon gari, zuloti 180 kwana ɗaya. Abinci sai da lura, don naman alade yana ɓuya har a cikin miya. Ƙanena ya iya tambaya da harshensu, sai muka tsaya kan soyayyen kifin tafki da dankali, da wani abu da suke kira pierogi, ƙullin fulawa ne da ake cusa wa dankali da cuku a dafa a ruwa. Da na barbaɗa masa yajin Gwaggo ya shiga sosai. Akwai tsohuwar fada ta jan bulo a garin inda masanin taurari Kopanikus ya zauna shekaru ɗari biyar da suka wuce, mun leƙa mun fito. Sunan garin a da Allenstein. Sojojin Rasha sun shige shi ranar 27 ga Agustan 1914, kuma babban abin da suka nema wurin hukumar gari shi ne burodi. Masu gidajen burodi suka kwana suna gashi. Washegari Jamusawa suka ƙwace garin.

Rana ta biyu muka yi kudu zuwa Olsztynek, rabin awa a jirgi. Hohenstein ke nan a tsofaffin littattafai, kuma a kewayensa aka yi mafi zafin faɗan. Ƙaramin gari ne mai tsabta, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. A gaban ofishin hukumar gari akwai zaki na dutse a zaune, yara biyu na hawa bayansa, uwarsu na ɗaukar hoto. Wannan zakin yana cikin ɗan abin da ya tsira daga ginin da na zo nema.

Ga yadda abin ya faru. Bayan Rennenkampf ya tura Jamusawa baya a Gumbinnen ranar 20 ga Agusta, kwamandan runduna ta takwas ta Jamus, Prittwitz, ya tsorata har ya yi maganar janyewa. Nan take aka tuɓe shi. Aka kira wani tsohon janar mai shekara 66 da ya yi ritaya yana zaune a Hanover, Paul von Hindenburg, aka haɗa shi da Erich Ludendorff. Kafin su iso ranar 23 ga wata, wani hafsa mai suna Max Hoffmann da abokan aikinsa sun riga sun tsara dabarar: a bar 'yan sojan doki kaɗan a gaban Rennenkampf, a kwashe sauran duka a afka wa Samsonov. Aka ɗebi rundunar Janar François, wani kwamandan Jamus, a jiragen ƙasa aka zagaya da ita kudu. Rashawa kuma suna aika umarninsu ta rediyo a fili ba tare da sirrantawa ba, Jamusawa na saurare, sun san inda kowa zai kwana. Daga 26 zuwa 30 ga Agusta aka karya fukafukan rundunar Samsonov biyu, aka rufe tsakiyarta cikin daji kamar kifi a koma. An kama fursuna wajen 92,000, dubun dubata suka mutu ko suka jikkata.

Daga ranar Hindenburg ya zama gwarzon da ba a taɓa shi. A 1915 aka sassaƙa ƙaton gunkinsa na katako a Balin, mutane na biyan kuɗi su buga masa ƙusa don tallafa wa yaƙi. A 1916 shi da Ludendorff suka karɓi ragamar sojan Jamus gaba ɗaya. An ci Jamus a yaƙin, amma sunansa bai faɗi ba, har aka zaɓe shi shugaban ƙasa a 1925. A 1927 ya zo nan Hohenstein ya buɗe wani gagarumin gini na tunawa da nasarar: ganuwa mai kusurwa takwas, da hasumiya takwas, kowace ta kai mita 20, an binne sojoji 20 da ba a san sunayensu ba a ciki. Shi ne kuma ya naɗa Hitila shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933. Da ya mutu a watan Agustan 1934, Hitila ya kawo gawarsa nan aka binne da gagarumin biki, wurin ya zama wajen ziyarar 'yan Nazi, ana kawo 'yan makaranta jirgi-jirgi.

Muka taka daga tsakiyar gari zuwa wajen ƙauyen Sudwa, tafiyar minti ashirin. Ina riƙe da hoton ginin a wayata. Muka shiga wani fili mai bishiyoyi da ciyawa har gwiwa, muka zaga, muka sake zagawa. Ƙanena ya ce, "Yaya, anya ba mu ɓata ba?" Sai ga wani dattijo da kare. Ƙanena ya gaishe shi ya nuna masa hoton. Dattijon ya dubi hoton, ya dube mu, ya nuna ƙasa da sandarsa. Ashe a kai muke tsaye.

Kufai ne. Wani kwari mai faɗi inda farfajiyar take a da, da tudun ƙasa a kewaye inda ganuwa ta bi, da gutsattsarin bulo da siminti a cikin saiwoyi. Na tsuguna na ɗauki ɓallin jan bulo ɗaya, gansakuka ta rufe gefensa, tururuwa na fita daga ƙarƙashi. Na juya shi a hannuna na mayar inda yake. A Janairun 1945, da sojojin Tarayyar Sobiyet suka matso, Jamusawa da kansu suka tono akwatin gawar Hindenburg da na matarsa suka gudu da su, suka sa nakiya suka fasa wani sashe na ginin. Gawarwakin suna wani coci a Marburg yanzu. Abin da ya rage hukumomin Polan suka rushe bayan yaƙi, aka kwashi duwatsun aka yi wasu gine-gine da su a Warso da Olsztyn. Ginin da aka yi don ya dawwama ko shekara ashirin bai cika a tsaye ba. Na tuna ganuwar Kano da take ta zaizayewa a gabanmu, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta, amma duk da haka bayan ɗaruruwan shekaru kana iya nuna wa yaro ka ce ga ta. Nan kuwa sai mai sanda ya nuna maka.

Dattijon bai yi saurin tafiya ba. Ta bakin ƙanena ya gaya mana cewa iyayensa ba 'yan nan ba ne, daga gabas aka kawo su bayan 1945, lokacin da aka kori Jamusawa aka raba Prusiya ta Gabas tsakanin Polan da Tarayyar Sobiyet. Ya ce yana yaro sun sha wasa a cikin ɓaraguzan, kuma akwai gidajen da aka gyara da bulon wurin. Na tambaye shi ko ana koya wa yaransu labarin yaƙin 1914. Ya girgiza kai. Ya ce wannan yaƙin wasu ne, sai dai 'yan Polan sun mutu a ciki ta ɓangarorin biyu, wasu da kakin Jamus, wasu da kakin Rasha, suna harbin juna alhali harshensu ɗaya. Wannan magana ta tsaya mini a rai, don na san wani wuri da aka yi irin haka a makon nan guda na 1914.

Kafin mu rabu ya nuna mana hanyar wata maƙabarta a nan Sudwa. A Yaƙin Duniya na Biyu an kafa sansanin fursunoni dab da ginin, Stalag I-B, kuma dubun dubatar waɗanda yunwa da cuta suka kashe a ciki, yawancinsu sojojin Sobiyet, suna kwance a nan cikin manyan ramuka. Wato lokacin da ake kawo 'yan makaranta kallon hasumiyoyi, mutane na mutuwa a bayan waya ƙasa da tafiyar rabin awa. Mun daɗe a wurin ba mai magana.

Rana ta uku muka yi hayar ƙaramar mota, zuloti 200 ban da mai, ƙanena na tuƙi. Hanyoyin ƙauye ƙanana ne, manyan itatuwa sun yi musu rumfa hagu da dama. A kan turakun lantarki akwai manya-manyan sheƙuna na kara, kowace ta kai faɗin tabarma. Na tambaya, aka ce na wata farar shamuwa ce, kuma yawancinsu sun riga sun tashi zuwa Afirka, wasu har Sudan da Chadi. Guda ɗaya muka gani a wata gona tana bin bayan tarakta. Mu a wurinmu zuwan shamuwa albishir ne na damina, su kuma tafiyarta ce ke gaya musu sanyi ya kusa.

Stębark ƙauye ne da za ka ratsa cikin minti biyu, da ɗan tsohon coci. To me ya sa sunansa ya hau kan yaƙin da aka yi mafi yawansa kilomita da dama daga nan? Amsar tana ɗan gaba kaɗan, a filin Grunwald. A nan ne ranar 15 ga Yulin 1410 Sarki Jagiełło na Polan da ɗan'uwansa Vytautas na Lituweniya suka murƙushe mayaƙan Tutonik, Jamusawa masu farar alkyabba da baƙin gicciye, aka kashe shugabansu Ulrich von Jungingen. Jamusawa na kiran wancan yaƙi Tannenberg. Da aka ci nasara a 1914 sai hafsoshin Hindenburg suka ɗauko tsohon sunan suka liƙa wa sabon yaƙi, don a ce an rama abin da ya faru shekara 504 baya. Rashawa aka yaƙa, amma aka rubuta shi a matsayin ramuwa kan 'yan Polan. Wannan ya dame ni matuƙa, domin shekara goma sha ɗaya ina rubuta sunan a allo ban taɓa gaya wa yara cewa zaɓarsa aka yi da manufa ba.

A Grunwald akwai rai: motocin 'yan yawon buɗe ido, gidan tarihi, dogon ginshiƙin tunawa da aka kafa a 1960, masu sayar da takubban katako. Kowace shekara a watan Yuli ana taruwa a kwaikwayi yaƙin da dawakai da sulke, abin ya so ya yi kama da hawan daushe. Yaƙin 1410 nasu ne, suna ji da shi. Na 1914 kuwa sai ka shiga daji. Da yamma muka tsaya a maƙabartar sojoji ta Orłowo, inda aka gwabza tun 23 da 24 ga Agusta kafin babban faɗan. Kaburbura ne a jere ƙarƙashin itatuwa, na Jamusawa da na Rashawa a wuri ɗaya. Da yawa daga Jamusawan an rubuta sunansu. Rashawan galibi adadi ne kawai, mutum kaza a rami kaza. Wani ya share wurin, ya ajiye fitilar kyandir a cikin jan gilashi.

Rana ta ƙarshe ita ce mai wahala. Muka bi ta Nidzica, Neidenburg ta da, muka kama hanyar Wielbark. Wannan hanyar ce sojojin François suka tare, suka jera bindigogi masu jigida a bakinta, duk wanda ya fito daga daji ya faɗa hannunsu. Muna neman dutsen Samsonov. Taswirar waya ta kai mu wata hanyar rairayi, sai sabis ya ɗauke, tayar gaba ta nutse. Muka fito muna tono da hannu, muna cusa rassa a ƙarƙashi, sauro kuwa ya taso mana kamar an aiko shi. Ban taɓa zaton sauron Turai ya kai namu naci ba. Mun fi awa ɗaya a haka. Dajin shiru, itatuwan duk iri ɗaya, dogaye, miƙaƙƙu, ba ka sanin gabas balle yamma. Da azahar ta yi sai da muka dubi inuwa muka kintaci alƙibla, muka shimfiɗa rigunanmu a kan busassun ganyaye muka yi salla. Ni da rana tsaka ke nan, da ruwa a gora, ba mai harbina, amma gabana na faɗuwa.

Wata mata da ke tsintar naman kaza da kwando ita ta cece mu. Ta kira mijinta a can cikin daji, suka taya mu tura motar, sannan ta wuce gaba muna binta a ƙafa. Ta ƙi karɓar ko sisi. Sai na ba ta ƙullin yaji, ta sansana ta yi atishawa, ta sa a kwandonta tana dariya.

Dutsen ƙaramin tuli ne na duwatsun gona da aka ɗaure da siminti, a tsakiyar itatuwa. A daren 29 wayewar 30 ga Agusta, Samsonov da 'yan hafsoshinsa suna tafe a ƙafa cikin wannan daji, sun rabu da dawakansu, shi kuma ga ciwon asma yana numfashi da ƙyar. Waɗanda suke tare da shi sun ce ya yi ta maimaita cewa sarkin Rasha ya amince da shi, da wane ido zai dube shi. Ya ratse cikin duhu shi kaɗai, suka ji ƙarar harbi ɗaya. Shekararsa 54. Daga baya matarsa ta zo ta hannun ƙungiyar Red Cross ta ɗauke gawar ta kai gida. Jamusawa ne suka kafa dutsen a inda aka same shi. Kashe kai babban abu ne a wurinmu, kuma ban zo in wanke shi ba. Amma na tsaya a gaban tulin nan ina tunanin mutumin da aka tura da rundunar da ba ta shirya ba, aka ƙi jin kokensa, sannan nauyin duka ya faɗo a kansa.

A nan na ba ƙanena labarin da Gwaggo ta sha ba mu muna yara, wanda shi bai riƙe ba. Asalin gidanmu Yola ne. A makon nan guda na Agustan 1914, Turawan Ingila suka tashi sojojin Najeriya daga Yola suka nufi Garwa a Kamaru, wadda take hannun Jamus, wata runduna kuma ta tashi daga Maiduguri ta nufi Dutsen Mora. An kai hari Garwa daga 29 zuwa 31 ga Agusta, aka koro su da mummunar asara, har kwamandansu Maclear ya mutu. Masu harbin da waɗanda ake harbi yawancinsu baƙar fata ne, wasu ma harshensu ɗaya. Kakan Gwaggo yana cikin 'yan dakon da aka ɗiba su ɗauki kaya a ka. Matarsa na goyon ɗa lokacin. Bai dawo ba, ba a kawo ko hularsa ba. Daren da Samsonov ke lalube a wannan daji, shi yana wani wuri a bakin Binuwai da akwatin harsashi a kansa, saboda rigimar da aka fara a Sarayebo, garin da bai taɓa jin sunansa ba.

Ƙanena ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, mu yi masa addu'a a nan." Muka ɗaga hannu muka yi wa kakanmu, matar nan na tsaye gefe da kwandonta tana jira har muka shafa.

Dawowa ba wani labari: jirgi zuwa Warso, kwana biyar a ɗakin ƙanena, Santambul, Abuja, shingaye, Kano. Washegarin isowata na je gaida Gwaggo da tsarabar man zafi da mayafin ulu. Na nuna mata hotuna a waya, ta wuce zakin, ta wuce filin Grunwald, ta tsaya a kan maƙabartar Orłowo. Ta kawo wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Waɗannan duk an san inda suke?" Na ce wasu da suna, wasu ba suna, amma an san ramin. Ta miƙo mini wayar ta ce idan an yi hutun ƙarshen zango in shirya in kai ta Garwa.